Ungulu Biyu a Bayan Mayanka

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina wanke kayan ciki a mayanka. Tumbi, hanji, huhu, duk abin da mahauci ya zaro ya jefa a baho, sai ya bi ta hannuna kafin ya ga kasuwa. Wurina yana can ƙarshen gini inda famfo biyu suke, ɗaya yana kawo ruwa, ɗayan kuma ado ne. Daga nan in ka ɗaga kai za ka ga katangar baya, da juji, da wani tsohon maɗaci da ya ninka rufin mayankar tsawo sau uku. Sai dai ni ba na ɗaga kai, kuma duk wanda ya yi aiki kusa da ni na hana shi.

Lokacin da na fara aikin nan, ungulu sun fi mahauta yawa. Kafin a kayar da sa na farko sun cika rufin kwano, kana jin ƙarar faratansu kamar ana zuba tsakuwa. Ba zan wanke kaina ba, ni ma na zage su, na jefe su da dutse, don sun sha fizge hanji daga bakin bahona. Amma duk ƙazantar da muka zubar da safe, kafin rana ta take sun share ta tas, ba wari ba ƙuda. Daga baya suka fara raguwa. Wata shekara wani ya sa wa mushen jaki guba don karnuka, washegari muka kwashe ungulu fiye da sittin a baro. Sai masu sayen kawunansu suka shigo, suna bin gari da buhu. Sai aka sare manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na farga na ƙirga, saura tara. Da na sake ƙirgawa, saura biyu.

Biyun nan, mace da namiji, su suka yi sheƙa a ƙololuwar maɗacin, a inda ganye ya rufe. Mu biyu muka sani, ni da Dogo mai shanya fatu, wanda igiyoyinsa ke jikin katangar. Dogo sa'ana ne, kuma mutum ne da in ya yi maka magana goma a yini to ranar surutu yake ji. Shi ya fara lura cewa ɗaya ba ta barin sheƙar sai ɗayan ya sauka ya karɓe ta.

Ya ce, “Kwanci take.”

Na ce, “Ka tabbata?”

Ya ce, “Ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Kwana hamsin ko kusa da haka. Ki rufe bakinki.”

Ni ma na ce ya rufe nasa, kamar dama a buɗe yake. Daga ranar na riƙa jan layi da gawayi a bangon da ke bayan famfo, kullum ɗaya.

Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, ungulun mayanka ba ta tsoron mutum mai aiki. Ka wuce ta ƙarƙashinta da wuƙa a hannu, ka yi ihu, ka buga baho, ko a jikinta. Amma ka tsaya cak ka zuba mata ido, sai ta miƙe wuya ta fara neman hanya, don ta san abin da ya sami 'yan'uwanta a hannun masu tsayawa suna kallo. Shi ya sa in na tashi aiki nake ɗaukar bokitin ragowar da ba mai saye, in je gindin katanga kaina a ƙasa, in juye, in juyo. Masu buhu kan zo su tambaya ko muna ganin ungulu, sai in ce musu rabona da ita tun autata tana goye.

To wannan autar tawa ita ce silar komai, ko in ce bakina.

Auta ta yi karatu mai zurfi, da wankin hanjin nan na biya mata, kuma ta sami aiki a wata ƙungiya mai kare namun daji da tsuntsaye. Tare muke zaune, ɗaki biyu da tsakar gida. Yarinya ce mai zuciya, tawa ta ɗauko. Wata rana da yamma ta dawo ta yar da jaka, ta zauna a kan turmi tana huci. Ta ce wata uku suna yawo da motar ofis suna neman sheƙar ungulu ko guda a garin nan da kewaye, ba su samu ba, gobe za ta rubuta a rahoto cewa sun daina haihuwa a yankin gaba ɗaya.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ganin mutane da mota da madubin hangen nesa sun kasa gano abin da ke saman kaina kullum, sai wani abu ya taso min. Na yi dariya na ce, “Ku da karatunku. Wata uku, kuna ta ƙona mai.”

Ta juyo ta kafe ni da ido. Auta ta san dariyata. Ba ta bar ni na ci abincin yamma ba sai da ta tatse ni.

Da na faɗa, sai da ta dafe ƙirji. Sannan ta tambaye ni ko maɗacin da take tunani ne, wanda aka shafa wa jan fenti a gindi. Na ce shi ne. Fentin ya kwana biyu, ban ɗauke shi komai ba. Ta ce, “Inna, alamar sara ce. Za a faɗaɗa wurin ajiye motocin shanu. Na ga takardar da idona, wata mai zuwa za a kayar da shi.”

Ta ce in ƙungiyarsu ta rubuta cewa akwai tsuntsu mai ƙarewa da ke kwanci a kai, doka ta hana a taɓa itacen. Takarda ce kawai, in ji ta, ita za ta rubuta, shugabansu ya sa hannu. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ce ta yi min ƙarya a nan ba. Na gindaya mata sharaɗi uku: ba hayaniya, ba mai hawa, ba mai tsayawa yana kallo. Ta ɗauko littafinta ta rubuta su a gabana, har da jan layi a ƙarƙashi.

Labari ya kai kunnen Dogo. Ya dai daɗe yana kakkaɓe fata ɗaya da ba ta da ƙura.

Ana kwana talatin da takwas a lissafin bangona, shugaban nasu ya zo. Mutum ne gajere mai ƙamshin turare, da farin takalmi, a mayanka. Tun daga ƙofa ya toshe hanci da hankici, bai sauke ba har ya tafi, don haka mahauta suka raɗa masa Mai Hankici kafin ya kai ga famfona. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan ci zalinsa ba.

“Mama, sannu da ƙoƙari. Abin da kika yi babban abu ne. An dakatar da sara, takarda ta fito. Saura ɗan ƙaramin taro, jibi-jibin nan, mu kafa allo, baƙinmu su gani.”

Na tsame hannu daga baho. Na ce, “Wane taro? Ni takarda aka ce min.”

“Ƙarami ne, Mama. Mutum talatin.”

Na ce, “Ɗana, ka bari ta ƙyanƙyashe. Kwana goma sha biyu ya rage. In ɗan ya yi ƙwari ku zo ku yi taronku, har ni zan share muku wuri.”

Ya yi murmushi ta bayan hankici. Ya ce baƙin daga nesa suka zo, su ne masu tallafa wa aikin, ƙarshen mako za su koma. Ya ce su ƙwararru ne, wannan shi ne aikinsu, sun san yadda ake bi da tsuntsu. Ya ce kuma duk sharuɗɗana suna rubuce, Auta ta karanta musu a ofis. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro.

A gida na wanke ta tas. Ta ce ta yi magana, ba a ji ba, ita ƙarama ce a wurin. Ta ce, “Inna, ni zan tsaya a kai. Wallahi ba lasifika, ba janareto, ba mai kusantar gindin itacen. Ki yarda da ni.” Na yarda da ita. Wa zan yarda da shi in ban yarda da abin da na haifa ba?

Ranar taron, kwana arba'in da ɗaya. Sun cika alkawari, in ana lissafi irin na ofis. Rumfa can bakin ƙofa suka kafa, nesa da katanga. Ba lasifika. Masu jawabi suka riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar a ɗakin mara lafiya. An tilasta wa mahauta gama yanka da wuri, an wanke daɓe da omo, mayankar da ban taɓa ganin ta yi tsit da hantsi ba ta yi tsit. Wannan shirun ma sai da ya dame ni, don tsuntsuwar da hayaniyarmu ta saba. Namijin ya tashi neman abinci tun da sassafe, macen ce a kai. Na saci kallo sau ɗaya ta ƙasan ɗankwalina, na ga bayanta a kwance lafiya.

Sai aka gama jawabi, Mai Hankici ya ce, “Yanzu sai mu ƙarasa mu gani, a hankali don Allah.”

Suka taso su talatin, da riguna iri ɗaya masu hoton ungulu a ƙirji, suna sanɗa kamar ɓarayin kaji. Suka jeru a jikin katanga. Kowa ya ɗaga kai, kowa ya ɗaga waya.

Na yar da abin da ke hannuna na shiga tsakaninsu. “Ku sauke kai! Ku daina kallonta! Ku yi ta tafiya, ku yi kamar kuna wani abu!” Wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta tambayi me nake cewa, aka fassara mata, ta yi dariya mai daɗi ta juyo da wayarta kaina. Ni na zama abin ɗauka. Na nemi Auta na ce ina sharaɗi na uku? Ta ce, “Minti biyar ne, Inna, kuma ai sun yi nisa da gindin.”

A sama macen ta miƙe wuya. Ba ta tashi ba. Ina ganin kanta yana juyawa hagu da dama, amma ƙirjinta na nan a kan abin da take kwanci. Na ce a raina, daure, 'yar'uwa, daure, yanzu za su gaji, waɗannan wuyansu bai saba wahala ba. Kuma da ta daure, na rantse da ta daure.

Wani mai ɗaukar hoto, mai gemu da jaka a baya, ya durƙusa ya buɗe wani akwati. Ya fito da wani abu kamar gizo-gizo mai fukafukai huɗu ya ajiye a daɓe. Ban taɓa ganin irinsa kusa ba. Na damƙi hannun Auta na ce mene ne wannan.

“Ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar hoto. Don kada kowa ya hau, Inna. Kin ce ba hawa.”

“Sama zai je?”

“Daga nesa zai tsaya.”

Kafin in rufe baki abin ya ɗauki kuka kamar an taɓo gidan zuma, ya tashi. Na ruga wurin mai gemun, wasu maza biyu suka tare ni da hannu biyu-biyu suna, “Yi haƙuri Mama, yi haƙuri, ba zai taɓa ta ba.” Ni da zan haifi kowannensu suke lallashi kamar mai taɓin hankali. Abin ya yi sama, ya wuce katanga, ya wuce rassan ƙasa, ya je ya tsaya cak daidai saman kanta.

Ta jure mutum talatin a ƙasa. Wannan na sama ne ba ta san da shi ba. Ta buɗe fukafukai ta faɗo daga sheƙar, ta wuce ta kanmu har inuwarta ta rufe mu, ta yi gabas.

Kun san abin da suka yi? Tafi suka yi. Wallahi tafi. Mai faffaɗar hula har da share ƙwalla, wai ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Suka yi caa a kan mai gemun suna leƙen ɗan gilashin da ke hannunsa. Wani ya jawo ni, “Mama zo ki gani, zo ki ga ƙwanki.” Na gani. Kwana arba'in da ɗaya ina tsaronsa ban taɓa sa shi a ido ba sai a lokacin: fari, guda ɗaya, a tsakiyar ƙirare da ɗanyen ganye, rana na dukansa, ba kowa a kai.

Na ce, “Ku sauke abin nan ku bar wurin! Yanzu! Ba za ta dawo ba kuna nan!”

Mai gemun bai ko kalle ni ba. Ya ce, “Saura kaɗan, haske ya yi kyau.”

Su ba su san mayanka ba. Ba su san cewa a mayanka akwai masu jira ba. Hankaki ne, waɗanda tun da ungulu suka ƙare suka gaje rufin kwano. Tun ranar da aka fara kwancin nan suke zagaya maɗacin, ba abin da ya hana su sai wancan ƙirjin da ke kai. Na ga biyu sun bar rufin sun koma reshen ƙasa. Na ga na uku. Dogo ya gani shi ma, ya saki fatar hannunsa ya fara jifa, amma ina dutsen tsoho zai kai can?

Aka sauke jirgin. Macen ta dawo tana shawagi can sama, ta sauko, ta ga jerin fuskoki a katanga, ta koma. Ta sake saukowa, ta koma. Ina ihu ina tura mutane, ina cewa su tafi, su kuwa sun ga tsuntsuwa ta dawo, sai ƙara ɗaga waya suke. Auta ta gane. Na ji muryarta ta fashe, “Ku matsa! Don Allah kowa ya koma rumfa!” Amma a lokacin hankakan farko ya riga ya taka bakin sheƙar.

Ba a daɗe ba. Abin da aka yi kwana arba'in da ɗaya ana yi, ban kai ga ƙarshen katanga da gudu ba aka gama da shi. Hankaki suka yi ta cacar baki a sama, wani abu ya faɗo ta cikin ganye ya bugi reshe, ya ƙaraso juji. Dogo ya haura katanga, tsoho da shi, ya dawo da abin a tafin hannu. Rabin ɓawo ne, da abin da ya rage a ciki. Ya riga ya zama tsuntsu. Da baki, da ƙafafu, da ɗan gashi a jiƙe.

Mai Hankici ya matso ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce, “Kai, abin takaici. Haka dabi'a take, hankaka ma halitta ce. Amma alhamdu lillahi mun sami hoton, shi zai taimaka ƙwarai wajen wayar da kai.”

Ban san lokacin da na kai famfo na dawo ba. Bahon ruwan wankin tumbi na safe ne, wanda aka ce in ɓoye saboda baƙi. Na juye masa shi tun daga hula har farin takalmi. Na ce, “Ga wayar da kai! Ungulu sittin na kwasa a baro ban yi kuka ba, don wanda ya sa gubar bai ce yana son su ba. Masu buhu sun fi ku, su sun san kisa suka zo yi. Ku da hotonta a ƙirji kuka kashe mata ɗa, kuna tafi!” Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Mahauta suka riƙe ni, amma riƙon da ba ƙarfi, don ina jin ɗayansu yana cewa a bar ta ta ƙarasa.

An kafa allon duk da haka, bayan kwana biyu, ba taro. Ƙaton allo ne kore, da hoton ƙwan, da rubutu cewa wannan itace gidan ungulu ne, an hana taɓawa. An goge jan fentin. Motocin shanu suka nemi wani wuri. Maɗacin ya tsira, yana nan har gobe. Ungulun biyu sun yi kwana uku suna zuwa, su sauka a reshen da ke gefen sheƙar su yi tsaye, ba sa shiga. Na zuba musu ragowa, hankaki suka cinye. A rana ta huɗu ba su zo ba. Masu buhu ne suka zo, su uku, sun karanta allo.

Wata guda ban yi wa Auta magana ba sai ta dole. Ina jin ta a ɗakinta tana kuka, ban shiga ba. Ta rubuta wa ofishinsu doguwar takarda a kan jirgin da taron, aka ce an gode, aka mayar da ita sashen adana takardu. Ta rame. Ta riƙa yi min wanki ba tare da na sa ta ba, ta riƙa jira na a ƙofar mayanka ta karɓi kayana. A hankali na sauko, don uwa ba ta da wurin kai fushin ɗa. Muka koma cin abinci kwano ɗaya. Maganar tsuntsu dai ba mai tayar da ita.

Shekara ta kusa zagayowa, wata safiya Dogo ya zo famfona wanke hannu, abin da ba ya yi. Yana murza hannu, idonsa a kan ruwa, ya ce, “Bayan tsohon gidan bulo, hanyar rafi. Akwai itace uku. Na tsakiya.”

Na ci gaba da wankin hanji. Na ce, “Su ne?”

“Suna ɗaukar ƙirare.” Ya kashe famfo. “Wannan karon in kin buɗe baki, ni da ke har abada.”

Wurin da nisa, tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafata, kuma ba juji a can, ba abin da za su ci. Sai na koma tashi aiki da bokiti mai murfi. In biya gida in ajiye kaya, in ɗauki bokiti in fita, in dawo kafin magariba. Kwana tara ina haka. A na goma, na fito ɗaki na tarar da Auta zaune a bakin ƙofa, bokitin a gabanta, ta buɗe murfin.

Ta ce, “Inna, ina kike kai wannan?”

Na ce, “Rufe min abu, ƙuda.”

Ta rufe. Ta miƙe tsaye, ta riƙo gefen zanena kamar lokacin da take ƙarama. “Sun dawo, ko? Inna, kin gan su. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Ba ofis, ba takarda, ba hoto. Ko kusa ba zan je ba. Ki ce min suna raye kawai, in sami barci.” Idonta ya cika. Ta ce, “Kuma in itacen da suke kai yana cikin na sara fa? Ni kaɗai zan iya dubawa. In ba ki faɗa min ba aka kayar da shi, yaya za ki yi?”

Tambayar ta shige ni, kuma har yanzu tana nan tana cina. Na san da gaske take. Wancan karon ma da gaske take. Na dubi fuskar nan da na wanke da hannuna shekara da shekaru, na ji tausayi ya kama ni, na ji haushin ma yana nan daram inda na bar shi.

Na ce, “Karnukan gidan mai gadi nake kai wa. Karyarsa ta haihu.”

Ta daɗe tana kallona. Auta ta san ƙaryata kamar yadda ta san dariyata. Ta saki zanen a hankali.

Ta ce, “To, Inna. A dawo lafiya.”

Na ɗauki bokitin na fita. Hanyar rafi hagu take daga ƙofarmu, sai na yi dama. Na bi ta kasuwa, na ratsa tashar mota, na shiga lungun maƙera na fita ta ɗaya bakin. Sau huɗu ina tsayawa kamar mai gyara takalmi, ina duba baya ko 'yata na biye da ni.